Yaron da Ba a Tambaya Ba: Karatun Labarin Samba Diallo a Gure

 

Iyayena da kuka bar hidimominku kuka zo, malaman allo da malaman lakwal, da ku ƴaƴana ɗalibai, ina yi muku barka da yamma, ina kuma godiya da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Littafin da ya tara mu shi ne L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, mutumin Senegal, wanda aka haifa a Matam, bakin kogin Senegal, a 1928. An buga shi a Paris a 1961, shekara guda bayan ƙasashenmu sun karɓi mulkin kansu, kuma a 1962 ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka. Ƙaramin littafi ne, mai himma zai gama shi cikin ƴan kwanaki. Amma yawancin ɗalibanmu ba littafin suka sani ba, taƙaitaccen bayanin da aka kwafa a kayye suka sani, wanda ake haddacewa don jarrabawar BAC. A cikin wannan bayani komai ya zauna daram: ga gargajiya a dama, ga zamani a hagu, ga Afirka mai imani, ga Turai mai ƙarfe da inji, sai ɗalibi ya auna su ya rufe da cewa a ɗauki mai kyau daga kowane ɓangare. Malam ya ba da maki, a wuce. Abin da ke damuna shi ne, a duk wannan awo an manta da cewa akwai yaro a cikin littafin. Yaro mai jini da tsoka, wanda aka kai makarantar allo yana ɗan shekara 7, wanda ya yi bara, ya yi dambe, ya yi kuka, ya mutu bai tsufa ba. Shi nake so mu duba yau.

Sunansa Samba Diallo, ɗan gidan sarautar Diallobé, Fulanin yankin Futa. Littafin ya buɗe da malaminsa, Thierno, yana azabtar da shi saboda harshensa ya zame a kan aya. Ya matse masa kunne da farce har jini ya fito. Duk wanda ya zauna gaban allo cikinmu ba sai an fassara masa wannan shafi ba. Sai dai marubucin bai bar mu mu tsani malamin ba, domin ya shigar da mu cikin zuciyar tsohon, muka ga yadda yake ƙaunar yaron, yadda karatunsa ke ratsa shi, yadda yake ganin bai taɓa samun almajiri irinsa ba a tsawon shekarun da ya yi yana koyarwa. Shi da kansa ya roƙi uban ya ba shi ɗan. Ni ban yarda da dukan ba, kuma ina faɗa a gaban malamaina ba tare da raini ba: jinin kunnen yaro ba ya gyara makhrajin harafi. Amma ƙaunar gaskiya ce, kuma yaron ma yana son malaminsa, yana son Alƙur'ani so na haƙiƙa. Wanda ya karanta littafin a matsayin suka ga makarantar allo bai karanta shi ba.

Daga nan sai rigima ta taso a ƙasar Diallobé: a kai yara makarantar Nasara ko kada a kai? Sarki ya kasa yanke hukunci. Aka je wurin Thierno, shi ma ya ƙi ɗaukar nauyin. Wadda ta yanke ita ce yayar sarki, wadda littafin ke kira Grande Royale, mace mai kwarjini da kowa ke shakka. Ku mutanen Muniyo da kuka san matsayin Magira da Magaram a sarautar Barno ba za ku yi mamakin irinta ba. Ta tara jama'a a dandali, har da mata, abin da ba a saba ba. Ba ta ɓoye musu cewa za a yi hasara ba, ta nuna musu dai cewa wanda aka ci da yaƙi dole ya je ya koyo sirrin wanda ya ci shi, kuma ƴaƴan sarauta ne ya kamata su fara shiga. Aka cire Samba daga gaban Thierno aka kai shi lakwal.

To ku lura da abin da ya faru a waɗannan babuka. An yi shawara a fada, an yi a zauren malam, an yi a dandali. Sarki ya yi magana, malam ya yi, Grande Royale ta yi, uban yaron ya auna abin a ransa ya amince. Mutum ɗaya ne ba a nemi jin ta bakinsa ba, shi ne wanda za a yi abin a kansa. Thierno yana ganin magajinsa a jikin yaron, shi ya sa yake son ya karya masa girman kan ƴan sarauta. Har ranar da Samba ya dawo da sababbin tufafi daga gidan Grande Royale, malamin ya sa aka tuɓe masa aka ba shi tsummokara. Ita kuwa Grande Royale shugaban gobe take gani, wanda zai tsare wa gidansu mulki. Uban, mutum mai ibada da zurfin tunani, yana fatan ɗansa ya riƙe addini a cikin sabuwar duniya. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma nan mutum uku ne suka kama icce ɗaya, kowa yana tanƙwarawa wajensa, kuma dukansu da kyakkyawar niyya.

Saboda haka ban yarda da abin da aka saba faɗa ba, wai Paris ce ta raba Samba da mutanensa. Kaɗaicinsa ya girmi Paris. Ku koma babin bara. Yana yawo ƙofa-ƙofa da ƴan uwansa almajirai, shi ne mai daɗin baki a cikinsu, amma ba su ɗauke shi ɗaya daga cikinsu ba, domin kowa ya san ɗan wane ne. Wani almajiri mai suna Demba yana yi masa gori har suka kai ga dambe. Da ransa ya ɓaci ina ya nufa? Bai je wurin uwa ba, da ƙyar ma ake jin ɗuriyarta a littafin. Bai je wurin aboki ba, ba shi da shi. Maƙabarta ya tafi, ya kwanta kusa da kabarin wata tsohuwa mai suna Rella, har barci ya ɗauke shi, sai da aka fita nemansa. Yaron da ba shi da wanda zai kai wa kuka sai matacciya, tun ranar ya zama baƙo a garinsu, ko kalma ɗaya ta Faransanci bai sani ba tukuna. Ina roƙon malamai su tsaya a wannan babi su daɗe, ko da za a taƙaita muhawarar falsafar da ke gaba.

Sauran labarin kun san shi. Ya yi fice a lakwal. Kafin ya yi nisa ya tsaya da dare ya karanta wa mahaifinsa Alƙur'ani da ka, kamar yadda al'adarsu ta tanada, a ɗaya daga cikin wurare mafi taɓa zuciya a littafin. Ya tafi Paris karatun falsafa. Ya haɗu da Lucienne, ɗiyar wani fasto wadda ta rungumi gurguzu, da tsoho Pierre-Louis da Adèle, baƙaƙen fata da zama ya kai su can. Kowa cikinsu ya miƙo masa wata hanya, bai iya bin ko ɗaya ba. Salla ta fara kuɓuce masa. Uban ya rubuto ya ce ya dawo gida. Ya dawo ya tarar Thierno ya rasu, Demba ya gaje shi.

Akwai wani littafi da ake yawan ambata idan ana zancen matashin da ya rasa wurin zama a cikin jama'arsa, wato The Catcher in the Rye na J. D. Salinger, wanda ya fito a Amurka a 1951, Faransawa suka fassara shi da sunan L'Attrape-cœurs. Yaron cikinsa, Holden Caulfield, ɗan shekara 16 ne. An kore shi daga makarantar kwana, ya ƙi zuwa gida kai tsaye, ya yi ƴan kwanaki yana gararamba a New York gab da Kirsimeti, yana shan taba, yana zagin manya da munafunci. Can ƙasan zagin akwai mutuwar ƙanensa Allie, wadda bai warke daga ita ba, kuma babu wanda ya zauna da shi a kanta. Na kawo shi ne don ku ga bambanci. Holden mai surutu ne, da bakinsa yake ba da labarin, duk wanda ya gan shi ya san akwai matsala. Samba bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Ba a kore shi daga ko'ina ba, shi ne na ɗaya a allo, shi ne na ɗaya a lakwal. Da a Gure yake, da shi iyaye za su riƙa yi wa ƴaƴansu misali. Amma a ƙarshe Holden yana kwance ana jinyarsa, da ransa, yana da ƙanwarsa Phoebe da ta tsaya ta saurare shi. Samba yana kabari.

A nan ne littafin Kane ya fi kusa da mu. Mu mutane ne masu girmama kunya da kawaici, kuma ba na fatan mu rabu da su. Ɗan fari ba a kiran sunansa, uba ba ya sakin fuska da saurayin ɗansa, yaro ba ya kallon idon babba. Bahaushe da Bamange da Bafulatani duk sun haɗu a wannan. Sai dai tarbiyyar tana da wani gefe da ba mu cika dubawa ba: mun iya gane yaron da ya lalace da hayaniya, ba mu iya gane wanda ke lalacewa a shiru ba. Wanda ya fara shan tramol, ya bar gida ya tare a fadar samari, ko ya shiga irin ƙungiyoyin da ake kira palais a Damagaram, waɗanda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta Zinder a 2021, wannan kowa ya gan shi, har a yi masa taron dangi. Amma wanda ke gaishe ka a durƙushe, ya ce "to, Baba" ga duk abin da ka faɗa, sai mu ce alhamdu lillahi, yaron kirki, mu juya ga wani. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mu kuwa tun suna ƙanana muka koya musu su sunkuyar da fuskar.

Ku dubi hanyar da ɗalibi ke bi a wannan yanki. Yaro ya tashi a wani ƙauye a gindin duwatsun Kutus, ko wajen Tesker, ko cikin kwarurukan da ake noman rani da haƙar kanwa. A gida yana jin Barbarci ko Hausa ko Fulatanci ko Tubanci. Da asuba yana gaban allo da Larabci. Da hantsi mushe, wato malamin lakwal, yana yi masa Faransanci, harshen da babu mai yin sa a gidansu. In Allah ya sa ya ci jarrabawa, sai a turo shi koleji a gari, a damƙa shi hannun mai masauki, wani lokaci ɗan uwa, wani lokaci wanda aka sani kawai a kasuwa. Yana ɗan shekara 12 ko 13 ya fara kwana a zauren da ba nasu ba, yana cin tuwon da yake jin nauyin miƙa hannu gare shi. Hutu ya zo ya koma ƙauye, tsaransa sun riga shi iya huɗa da kiwo, wasu sun tafi cin rani Nijeriya ko Libiya sun dawo da salula da sabuwar riga, suna ce masa ɗan lakwal. A gari ɗan ƙauye ne, a ƙauye ɗan gari. In ya yi sa'a ya wuce jami'ar André Salifou a Damagaram ko ta Abdou Moumouni a Yamai, tazarar ta ƙaru. Duk tsawon wannan hanya ana tambayarsa maki nawa ya samu, na nawa ya zo. Wa ya taɓa zaunar da shi ya ce: ya kake ji a ranka? Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ba ƴan tsiraru muke zance a kansu ba.

Bari in ɗan ratse, domin ga ƴan mata zaune a gabana. Littafin Kane labarin ɗa namiji ne. Matan da ke cikinsa ko dai masu iko ne kamar Grande Royale ko baƙi a Paris. Amma idan ana neman wanda ake yanke wa hukunci a bayan idonsa, a ƙasarmu yarinya ce kan gaba. Ana cire ta daga aji a tsakiyar shekara, a sanar da ita bayan an karɓi goro. Ƴaƴana mata, in kun karanta Samba kuka ga kanku, ba ku yi kuskure ba.

Ƙasarmu ta daɗe tana neman sulhu tsakanin makarantun nan biyu. An buɗe madarasar farko mai haɗa Larabci da Faransanci a Say a 1957. A 1973 aka fara gwajin koyar da yara da harshen gida, kuma a Damagaram aka fara, da Hausa. Waɗannan ƙoƙari ne masu daraja, ina goyon bayansu, domin yaron da ya fara karatu da harshen uwarsa an rage masa tsalle ɗaya cikin tsallen da ke gabansa. Amma ko an haɗa allo da kayye a ɗaki guda, ba a gama da matsalar Samba ba. Shi ai ya sami ilmin biyu, kuma ya ƙware a duka. Abin da bai samu ba shi ne babba guda wanda zai iya gaya wa cewa zuciyata ta rikice, ba tare da an firgita ko an yi masa wa'azi nan take ba. Ko mahaifinsa, wanda ya fi kowa fahimtarsa, da ya hango rikicin maganin da ya ga ya dace shi ne umarni: dawo gida.

Yanzu ƙarshen littafin, wanda ɗalibai suka fi yi wa gurguwar fahimta. Akwai wani mutum a garin da ake kira Mahaukaci. Ya taɓa zuwa Turai, alamu sun nuna yaƙi ya kai shi, ya dawo da tsohuwar rigar soja da tsoron abin da ya gano. Ya manne wa Thierno, a wurinsa kaɗai yake samun natsuwa. Da malamin ya rasu, sai ya ɗora wa Samba matsayinsa, ya ƙi yarda cewa wannan wani mutum ne dabam mai nasa ciwon. Ya ja shi maƙabarta da magariba, ya matsa masa ya yi salla, ya nemi ya yi masa alkawari. Samba kuwa ya yi nisa cikin tunani, yana kokawa da Ubangijinsa a zuci, sai wata kalmar ƙi ta fito daga bakinsa. Ba da Mahaukacin yake ba. Shi kuwa ya ɗauka amsarsa ce, ya kashe shi.

A kayye ana rubuta cewa gargajiya ce ta hukunta wanda ya bar ta, ko kuma mutuwa ce kaɗai mafita ga wanda ya tsaya tsakanin duniya biyu. Ni abin da na gani ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi ciwo. Sau ɗaya tak abin da ke cikin Samba ya fito fili a garinsu, kuma kunnen da ya faɗa ciki kunnen mutumin da ba ya iya jure shakka ne. Samba bai bar Allah ba. Wanda ya bar Allah ba ya tsayawa yana jayayya da Shi a maƙabarta. Matashi ne da imaninsa ke cikin ƙunci, irin ƙuncin da manyan malamai suka shiga suka fita. Imam Ghazali da kansa ya ba da labarin lokacin da shakka ta kama shi, da yadda ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 ya tafi neman yaƙini. Shi ya sami lokaci. Samba bai samu ba, domin wanda ke kusa da shi amsa yake so a take. Mu da ke kan hanyar Diffa, muka ga abin da ya auka wa Bosso da Diffa tun daga 2015, mun san akwai masu jiran matashin da ya rikice da amsa a shirye, mai kaifi, wadda ba ta barin tambaya. In gida da makaranta ba su saurare shi ba, su za su saurare shi, na ɗan lokaci, har ya shiga hannu.

Ga abin da nake roƙon malaman Faransanci. Kafin a raba wa ɗalibai taken muhawara, a karanta babin bara da na kabarin Rella da babbar murya a cikin aji, sannan a rufe littafin a bar su su maido da labarin da Hausa ko Barbarci, yadda za su gaya wa kakarsu. Za ku ji abubuwan da ba sa fitowa da Faransanci, domin yaro ba ya kuka da harshen jarrabawa. Kada ku tilasta wa kowa ya faɗi sirrinsa. Amfanin labari ke nan, yaro zai iya cewa Samba yana jin kaza, alhali kansa yake nufi, kuma mutuncinsa a rufe. Malamin da ke da kunne zai gane. In an sami hali a gayyato malamin allo ya zauna a wannan darasi, domin shi ya fi kowa sanin abin da ke zuciyar Thierno, kuma ɗalibai su ga malamansu biyu a tabarma ɗaya suna magana a kan yaro ɗaya.

Ku kuma ɗalibai, kada ku tsaya a karatu. Garin nan yana da gadon alƙalami. Ibrahim Issa, wanda littafinsa Grandes eaux noires ya fito a 1959 kuma ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da ɗan Nijar ya buga da Faransanci, ɗan Gure ne. Abdoulaye Mamani mai Sarraounia a Gudumariya aka haife shi, nan gabas da mu. Mahamadou Halilou Sabbo ya rubuta Abboki a 1978 a kan samarin da ke barin ƙauye su nufi bakin teku neman kuɗi. Kane ya rubuta yaron Futa na zamanin mulkin mallaka, kuma daga rayuwarsa ya ɗebo da yawa, domin shi ma allo ya fara kafin lakwal, shi ma ya yi falsafa a Paris. Zauren mai masauki, da hutun damina a ƙauye, da daren da aka kafa sakamakon BEPC ba sunanka, da ranar da aka ce ki ajiye kayye an ba da ke, waɗannan ku kuka san su daga ciki. Ku sayi kayye guda ban da na darasi, ku rubuta su da harshen da ya fi zo muku, ko da ajami ne, ku kai wa malamin da kuka amince da shi ya duba.

Na ga lokacin salla ya matso, kuma an ce za a ba da dama ga masu tambaya. Ina roƙon iyayena da malamaina su yi mini alfarma ɗaya: a bar ɗalibai su fara.